Makullin Bas Ɗin Idan-fa

Ni na laƙaba wa mijina sunan da kowa ke kiransa da shi, kuma Allah ya sani ban yi don ya bi shi ba. Muna sabon aure ne, ko wata biyu ba mu cika ba, na ce ya zo mu je mu gaida yayarsa. Mutumin nan ya tsaya a bakin ƙofa da takalmi ɗaya a ƙafa, ya ce, "Idan fa ba ta gida?" Na ce sai mu dawo. Ya ce, "Idan fa muka dawo muka tarar an shiga mana ɗaki?" Na ce ga kwaɗo nan, za mu kulle. Ya ce, "Idan fa makullin ya faɗi a hanya?" Nan haƙurina ya ƙare, na ce, "To Malam Idan-fa, sa ɗaya takalmin mu tafi!" Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ashe maƙwabciyarmu tana shanya a bayan katanga. Kafin sati ya zagayo, har mai gyaran rediyo na bakin layi da Idan-fa yake gaishe shi. Yau shekara ashirin da bakwai ke nan.

Direba ne. Shi ke tuƙa bas ɗin ma'aikatan wani kamfanin sabulu, mai kujera talatin da biyu. Ya kwaso su da safe, ya ƙetare gada da su, ya mayar da su da yamma. Shekara ashirin da huɗu yana wannan aiki, ko ƙwarzane bai taɓa yi wa motar ba. Yo ina za a samu ƙwarzane! Kullum kafin ya tayar da ita sai ya zagaye ta sau uku, ya doki kowace taya da ƙafa, ya leƙa ruwan lagireto, ya duba baƙin mai, ya taka birki, ya sauko ya sake dukan tayoyin ko sun canza ra'ayi. Kowane direba tayar safaya ɗaya yake ɗauka, nawa biyu gare shi. A ƙarƙashin kujerarsa akwai igiya, da tocila, da fambel ɗin inji sabo dal a ledarsa, da laima ko da rani ne. Ma'aikatan kan yi masa ihu daga baya, "Haba Idan-fa, taka mana, ga mai keke nan zai wuce mu!" Ba ya ko waiwayowa. Amma ka tambaye su, ba wanda zai yarda a sauya musu shi, domin a motarsa kaɗai suke iya gyangyaɗi.

A gida kuwa, ni na san abin da na gani. In waya ta yi ƙara, kafin ya ɗauka sai ya ce, "Allah ya sa ba rasuwa aka yi ba." Lokacin da yaranmu ke makaranta, in ɗaya ya yi lattin minti goma, sai ka same shi a bakin titi ya kafa hannu a goshi. Akwai ranar da Manajan kamfanin ya aiko ya ce ya same shi a ofis washegari. Mutumin nan ko loma ɗaya bai kai bakinsa ba. Ya je mota ya kwashe kayansa kaf, igiya da tocila da laima, ya zuba a buhu, ya bi masu gadi ɗaya bayan ɗaya yana neman gafara. Da ya shiga ofis, ashe takardar yabo za a ba shi. Hoton yana nan a bangon falonmu: Manaja yana murmushi, shi kuma rungume da buhu.

Kullum cikinsa a murɗe, wuyansa a sanƙare, barcinsa rabi da rabi. Ni duk ban ɗauke su a bakin komai ba. Cewa nake hali ne, hali kuwa zanen dutse. In ya ishe ni sai in ce, "Kai dai Allah ya yi matsoraci," shi kuma ya yi 'yar dariyarsa ya wuce.

Ranar wata Talata da safe, mota cike, suna dab da hawa gada, cunkoso ya tsayar da su. Yadda ya ba ni labari daga baya, sai kawai ya ji ƙirjinsa ya ɗauki duka, numfashi ya ƙi shiga, yatsunsa suka mutu a kan sitiyari, gumi ya karyo masa. Ya tabbata tasa ta ƙare. To ku ji abin da mai mutuwar ya yi: ya kunna sigina, ya duba madubi, ya faka a gefen titi daidai wa daida, ya ja birkin hannu, ya kashe inji, ya zare makulli. Sannan ya sauka, ya kwanta a gindin wata bishiya, ya fara salati. Ma'aikata suka yi caa a kansa, wannan na fifita, wancan na yayyafa ruwa. Wata dattijuwa mai naɗe sabulu ta durƙusa tana kuka, ta ce ya faɗi wasiyyarsa. Ya ja numfashi da ƙyar ya ce, "A gaya wa wanda zai gaje ni, birkin yana ɗan ja hagu."

Ban da ni, ban da yara, birki! Har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Bayan kamar minti ashirin sai ga shi ya tashi zaune garau, ba abin da ya rage sai kunya. Manaja ya zo da kansa, ya karɓi makullin, ya jefa a aljihun teburinsa. Ya ce masa, "Ba korarka na yi ba. Na ba ka wata uku, ka je ka nemi lafiya, ka kawo mini takardar likita. In wata ukun ya cika ba takarda, dole in damƙa wa wani motar gaba ɗaya." Aka sa wani direban wucin gadi. Layinmu yana kusa da babban titi, saboda haka kullum da safe maigidan yana jin wucewar bas ɗin daga tsakar gida. Sai ya runtse ido ya ce, "Ji yadda yake sa mata giya, sai ka ce faskare yake."

Kai shi asibiti ma yaƙi ne. Ya ce, "Idan fa suka gano wani abu?" Na ce ai abin da zai kai mu ke nan. Ya ce, "Idan fa ba su gano komai ba?" Na ce ya shige mu tafi kafin in yi abin da za a kwantar da mu tare. Yayarsa, wadda duk dangi ke ce wa Yaya Babba, ta ce ƙafarta ƙafarmu. Ita ta goye shi yana jariri, kuma har yau da furfurarsa kallon ɗan goye take yi masa.

Likitan zuciya ya manna masa wayoyi a ƙirji, aka ɗebi jini, aka ɗauki hoto, muka koma bayan kwana uku. Likita ya duba takardu ya ce, "Malam, zuciyarka ta fi tawa lafiya." Wani da ya ji haka sai ya yi hamdala. Nawa ya ɓata fuska ya ce, "Likita, idan fa na'urar ce ta samu matsala?" Likita ya ajiye biro ya dube shi da kyau, ya shiga yi masa tambayoyi, yadda yake barci, yadda yake cin abinci, tun yaushe gabansa ke faɗuwa. Daga ƙarshe ya ce, "Ina zaton ciwon damuwa ne, irin mai zuwa da fargaba. Zan tura ku wurin likitar ƙwaƙwalwa, ita ta san kansa." Ya rubuta takarda biyu, ɗaya ta shaidar zuciya lafiya lau, ɗaya ta turawa.

Duk bayanin nan, kalma ɗaya tak Yaya Babba ta tsinta, wato damuwa. Ina ji a jikina lokacin da ta juyo a hankali ta zuba mini ido.

Muna isa gida ta zauna a kujerata mai kyau, ta ajiye jaka a cinya, aka buɗe shari'a. Ta ce, "Duk mun ji da kunnenmu, likita ya ce damuwa ce. Ita kuwa damuwa ba daga sama take faɗowa ba, wani ke kawo ta. Yara duk sun kama gabansu. Mutum nawa suka rage a gidan nan?"

Na ce, "Yaya, ki fito fili mana."

Ta ce, "Daga shi sai ke. Shi kuma ba zai dami kansa ba."

Ta shiga lissafo laifuffukana. Muryata ta yi ƙarfi, ina buga tukwane, keken ɗinkina yana ƙara tun safe, kuma wai an taɓa jiyo ni ina ce masa matsoraci. Na ce muryar da aka auro ni da ita ke nan, ba a hanya na tsince ta ba. Shi gogan yana tsakiya yana murza hannu, ya ce, "Yaya, wallahi ba ita ba ce."

"To wane ne?"

"Ba kowa."

Ta tafa hannu ta ce, "Kin ji ko? Har tsoron faɗa yake yi!"

Hukuncin da ta yanke shi ne, daga ranar kada a sake ɗaga murya a gidan, kada a gaya masa labari marar daɗi, a ɓoye masa waya, a rufe keken ɗinki da zane. Takardar turawa kuwa ta ninke ta ta cusa a jakarta, ta ce ba a taɓa yin mahaukaci a danginsu ba, kuma ba za a fara a kan ƙaninta ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma can ƙasan zuciyata na tsorata. Na ce a raina, kada dai gaskiya ta faɗa, ni ce na jiƙa wa bawan Allah nan aiki shekara da shekaru.

Saboda haka na bi doka. Na koma tafiya da sanɗa a cikin gidana. In zan ajiye murfin tukunya sai na lallaɓa shi. In na kawo masa shayi sai in rage murya in ce, "Sannu da hutawa, Baban yara." Maƙwabta suka daina shigowa, wanda ya shigo kuma sai ya yi magana ƙasa-ƙasa, ya dafa kafaɗarsa, ya fita yana girgiza kai. Maimakon sauƙi, mutum sai ƙara zubewa yake. Abin ya taso masa sau biyu a sati ɗaya, yana zaune a falo ba abin da ya taɓa shi. Ana cikin kwana na goma na kawo abinci na durƙusa, sai ya riƙe bakin tiren ya ce, "Zauna. Ki ji tsoron Allah ki gaya mini gaskiya. Kwana nawa suka ce ya rage mini?"

Na ce, "Kwanan me?"

Ya ce, "Tun da muka yi aure ba ki taɓa ce mini sannu da wannan muryar ba. Kin rufe keke, kin ɓoye waya, jiya har naman da kike so kika bar mini. Na san likita ya gaya muku a bayan idona."

Ai ban san lokacin da na dire tiren ba. Na buɗe murya gaba ɗayanta, wadda na tara ta kwana goma, na ce babu inda za shi, yana nan daram sai ya ga bayana, kuma in ya sake yi mini zancen mutuwa a kan abincin da na sha wuyar dafawa, zai ga abin da ya fi ta. Har tattabarun maƙwabta sai da suka tashi. Mutumin nan ya jingina da bango, ya sauke ajiyar zuciya, ya ce, "Alhamdulillahi." Ranar ya cinye abincinsa tas har da neman ƙari.

Da na ga an ci sati uku a banza, sai na ɗauko takardar shaidar zuciya na ce masa, "Ga ta nan, an rubuta lafiyarka lau. Manaja takarda ya nema, bai ce wace iri ba. Kai masa ka karɓi makullinka." Ya daɗe yana kallon takardar. Na san yadda yake son motar nan, na san da zai samu dama a cikinta zai riƙa kwana. Ya miƙo mini ya ce, "Idan fa ya sake zuwa mini da mutum talatin da biyu a bayana?"

Na karɓi takardar na mayar inda na ɗauko ta. Washegari na je gidan Yaya Babba na ce ta ba ni takardar turawa. Ta ce sai dai bayan ranta. Na ce to zan zauna in jira. Na zauna tun hantsi har la'asar, na ci abincinta, na ba ta labarin duk abin da ba ta tambaya ba da cikakkiyar muryata. Ta ciro takardar ta wurgo mini.

Ranar zuwa wurin likitar, ya ja hula har gira, ya ce mu bi ta ƙofar baya kada wani ya gan mu. Yana zaton zai tarar da mutane ɗaure da sarƙa. Muka tarar da benci uku da fanka, da wani mai kama da malamin makaranta yana gyaran takardun jarrabawa, da wata mai goyo, da wani ɗan kasuwa yana ta faɗa a waya a kan kaya. Maigidan ya raɗa mini, "Anya ba ɓatan hanya muka yi ba?"

Likitar wata 'yar gajeruwa ce mai tabarau, ba ta da gaggawa ko kaɗan. Ta ce ya kwatanta mata yadda yake ji. Ya yi ta kame-kame, can sai ya ce, "Likita, kin iya tuƙi?" Ta ce ta ɗan taɓa. Ya ce, "To kamar a taka totur har ƙasa, mota kuma tana firi, ba giya. Inji yana ta ihu, ba inda za a je." Ta cire tabarau ta ce duk karatun da ta yi ba ta taɓa jin wanda ya faɗe shi daidai haka ba, kuma in ya yarda za ta ara.

Ta yi mana bayani dalla-dalla. Ta ce tsoro abu ne da aka halicce mu da shi don ya tsare mu, in haɗari ya taso zuciya ta buga, jiki ya shirya gudu. A wurin wasu mutane kuwa sai abin ya riƙa tashi ba haɗarin komai, ya ƙi kwanciya, wani lokaci ya taso gaba ɗaya kamar yadda ya yi masa a bakin gada. Ta ce ciwo ne kamar hawan jini, masu shi suna da yawa, kuma yana jin magani. Ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba ne. Shi wannan mai tasowa gaba ɗaya, duk da azabarsa, ba ya kisa, yakan hau ya kai ƙarshe ya sauko da kansa. Na ce, "Likita, tsaya. Dole sai wani ne ke jawo shi?" Ta ce ba dole ba ne, wani ma da shi yake tasowa tun yana ƙarami. Na ce, "To don girman Allah ki rubuta mini a takarda cewa ba ni ce damuwar ba, ki buga hatimi, akwai wadda zan kai wa."

Ta yi dariya har da share ido, sannan ta ce, "Ba ke ce ba, amma kina da aiki. In ya ce idan fa kaza, me kike yi?" Na ce ina ba shi amsa mana. Ta ce, "To ki daina. Duk amsar da kika ba shi hutun minti biyar ce, daga nan wata tambayar ta taso. Ki ce masa, in ya faru ma gani, ki ci gaba da aikinki. Na biyu kuma, ban da zolaya." Na ce na farkon mai sauƙi ne.

Ta ba shi ƙwaya ɗaya kullum da safe, ta ce sai an yi makonni kafin a ga aikinta. Kuskuren da aka yi shi ne barin takardar da ke cikin kwalin. Ya zauna ya karance ta tsaf, kafin azahar duk wata illa da aka lissafa ta same shi, har da wadda aka ce ta masu shayarwa ce. Na ƙwace takardar na sa a murhu.

Sauran aikin duk na yi ne da jiki. Ta koya masa jan numfashi a hankali yana ƙirgawa. Ta ce ya riƙa gudu a tsaye har zuciyarsa ta buga da ƙarfi, sannan ya zauna ya saurare ta har ta lafa, don jikinsa ya gane bugun zuciya ba sallamar mutuwa ba ce. Wata safiya yana tsakar gida da singileti yana ta dakan ƙasa da ƙafa, ni kuma ina riƙe da agogo ina cewa saura minti ɗaya, sai ga Yaya Babba ta yi sallama. Ta saki jaka ta ɗora hannu a ka ta ce, "Shi ke nan, ta ƙarasa shi!" Da ƙyar muka zaunar da ita. Shi da kansa ya yi mata bayani yana haki, da misalin totur da komai. Da ya gama sai ta ce, "Babanmu ma fa in aka buga ƙofa da ƙarfi sai ya dafe ƙirji. Ko tafiya ba ya yi. Mu dai cewa muke yana da tsantseni." Ba ta ba ni haƙuri ba, ba a san ta da wannan ba, amma da za ta tafi ta yaye zanen da ke kan keken ɗinkina ta ninke ta ajiye.

Daga nan aka koma kan gada. Muka fara ƙetare ta a ƙafa, sannan a motar haya yana fasinja, sannan ya ari ƙaramar motar maƙwabcinmu ya tuƙa ina gefe. Rana ta farko sai da muka tsaya sau biyu kafin mu hau. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne dokar da likita ta kafa cewa zagaye ɗaya tak zai yi wa mota kafin ya shiga. Sai ya zauna a kujera yana leƙen tayar baya ta madubi kamar wanda ya bar ɗa a kasuwa. Ya ce, "Idan fa ta sace?" Ni kuma in cije leɓe in ce, "In ta sace ma gani." Wallahi amsoshi goma ne a bakina kowane lokaci, haɗiye su nake yi.

Saura kwana huɗu wata uku ya cika likita ta rubuta takarda cewa yana karɓar magani, ya samu sauƙi, kuma a ganinta zai iya komawa aiki. Manaja ya karanta ya ce ya ji, amma sai ya gani da idonsa. Za a fita da bas ba fasinja, shi zai zauna a gaba, a ƙetare gada a dawo. Na ce ni ma za ni. Manaja ya ce ba a saba haka ba. Na ce yau sai a saba, na haye na zauna a bayan direba.

Zuwa lafiya lau. A dawowa, muna tsakiyar gada, cunkoso ya riƙe mu, ba gaba ba baya, ba wurin fakawa. Sai na ga gumi ya tsattsafo a ƙeyarsa. Na ga yadda ya damƙe sitiyari, leɓunansa suna motsi yana ƙirga numfashi. Na san ya zo. Manaja yana ta waya, yana yi wa wani faɗa a kan kwalaye. Na ƙanƙame jakata. Ina so in dafa shi, ina so in ce ga ni nan, ina so in yi ihu a buɗe mana hanya, amma likita ta ce in ya zo a bar shi ya yi abin da aka koya masa. Ban taɓa yin shiru mai wuyar wannan ba. Motar gabanmu ta matsa, ya saki birki a hankali, ya bi ta. Ta tsaya, ya tsaya. Haka muka yi ta jan jiki har muka sauka daga gadar, rigarsa ta jiƙe sharkaf, motar kuwa ko girgiza ba ta yi ba.

A harabar kamfani ya faka, ya kashe inji, ya miƙa wa Manaja makulli. Manaja ya cusa waya a aljihu ya ce, "Ai kai garau kake, riƙe abinka." Har na fara hamdala, sai na ji mutumin nan ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai magana. Ya zo mini a kan gada."

Na zura ƙafa ta ƙarƙashin kujera na taka masa dunduniya. Ko gezau.

Manaja ya ce, "Me ya zo?"

"Ciwon. Yanzun nan da muna dawowa."

"Ina zaune a nan? Ni ban ga komai ba."

"Na ƙetare da shi ne."

"Zai sake zuwa?"

"Zai iya. Likita ta ce zai riƙa raguwa in na ci gaba da magani, amma ba ta ce ya tafi ke nan ba. In na ji zai fi ƙarfina zan faka. Na ce gara ka sani kafin ka ba ni."

Manaja ya tsaya yana juya makullin a yatsa, ni kuma ina ji kamar in shaƙe su su biyun. Wata uku muna fama, makulli ya zo har tafin hannu, mutum ya buɗe baki ya mayar! Can Manaja ya ce, "Wanda na sa a madadinka ya fasa madubi biyu, ya ƙona kuloci, ko ɗaya bai gaya mini ba, sai a bakin makanike na ji." Ya kama hannun maigidan ya danƙa masa makullin ya ce, "Litinin, ƙarfe shida. Ranar ganin likita kuma ka faɗa mini, zan sa a riƙe maka."

A ƙafa muka taho gida, ni a gaba ina ta sababi. Na ce wa ya tambaye shi, wa ya aike shi, da Manaja ya fasa fa, da wane ido zai kalle ni. Haka muka yi ta tafiya har muka zo wajen masu sayar da katifa. Nan ya ce, "Maman yara, in tambaye ki mana. Ke da gaske ba kya jin abin nan? In kin tashi da safe, ƙirjinki ba ya yi miki nauyi kamar wani abu zai faru?"

Na ce, "Haka kawai? Wallahi ban taɓa ji ba."

Ya gyaɗa kai ya ce, "Haka likita ta ce, ban yarda ba sai da na ji a bakinki. Ni tun ina aji uku na firamare nake jin sa, kullum. Na ɗauka kowa haka yake ji, har ke. Na ɗauka ku dai kun fi ni jarumta ne, kuna ɗauke da shi kuna hira kuna dariya, ni kaɗai na kasa."

Na tsaya cak. Shekara arba'in da wani abu mutum yana tashi da wannan kaya kowace safiya, ya yi wanka, ya je ya ɗauko 'ya'yan mutane ya kai su ya dawo da su lafiya, yana ganin kansa ragon duniya, ni kuma da nake kwana ɗaki ɗaya da shi ban taɓa tambayarsa yadda yake ji ba. Tausayinsa da kunyar kaina suka taru suka rufe ni. Ni da ko a gidan rasuwa sai an yi da gaske ake ganin hawayena, sai ga ni ina kuka wiwi a bakin titi da rana tsaka, masu katifa sun bar ciniki suna kallo.

Ya karɓi jakata ya riƙe, ya tsaya yana jira. Da ya ga abin ba na ƙarewa ba ne, sai ya matso ya ce a hankali, "Mu je gida, ana kallonmu."

Na ce, "Su kalla."